Yadda unguwa zata tunkari mahalliya kan maganar abinci

Assalamu alaikum 'yan uwa Hausawan Sudan na Sinnar da Maiwurno da Gadarif da Kasala da Damazin da na kambo-kambon Jazira, wato sansanonin ma'aikatan gona. Duk inda mutum ya zauna yanzu hirar ɗaya ce, buhun dawa ya kai kaza, mai ya kai kaza, burodi ya ƙanƙance. Kuma duk mun san tushen abin, yaƙin da ya ɓarke 15 ga Afrilu 2023 da faɗuwar jine, kuɗin ƙasar nan, da gonakin da suka yi damina ba'a shiga ba. Waɗannan ba mu da iko dasu. Amma akwai wani ɓangare na maganar abinci da ake yanke shi a nan kusa damu, a wani ofishi da mota ɗaya ko raksha zata kai ka, wato mahalliya, ƙaramar hukuma kenan, kuma shine wallahi muka fi sakaci dashi.

Wa ke cewa mai shayi ta zauna nan ko ta tashi? Mahalliya. Wa ke ba furun, wato gidan burodi, lasisi, wa ke duba mahauta, wa ke raba rumfuna a kasuwa, wa ke kwashe shara kusa da masu tumatir, wa ke yanka kuɗin da ake karɓa kan karo, wato amalanken jaki, da teburi? Ita ce. Kuma in aka kawo tallafi daga sama, ko na gwamnati ko na munazzama, wato ƙungiyar agaji, jerin sunayen da za'a bi daga hannunta da hannun lajnonin unguwa, wato kwamitoci, yake fitowa. Mu kuma ɗabi'armu tun kaka da kakanni ita ce mu yi nesa da ofishin hukuma, mu yi nomanmu da sana'armu, in an zo karɓa mu biya mu yi shiru. Tun da Mai Wurno ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya sauka bakin Nil Azrak bayan yaƙin Burmi na 1903 hannayenmu ke cikin noman ƙasar nan, dawa da riɗi da gyaɗa da auduga da kayan lambu na juruf, wato gonakin bakin kogi, da kamun kifi, amma teburin da ake tsara rabon abincin ba kasafai ake ganinmu akai ba. Toh abinda zan rubuta shine yadda ake zuwa teburin.

Ku fara sanin ƙofar da zaku ƙwanƙwasa

Mutane da yawa suna ɓata wata guda suna zirga-zirga saboda sun kai kuka inda ba'a da maganinsa. Tun 2019 babu mu'utamad, wato shugaban mahalliya na da, wanda ke riƙe da mahalliya shine mudir tanfizi, kuma babu wata majalisar zaɓaɓɓu da zaka kai ma ƙara, don haka komai yana ƙarewa ne a teburinsa. Ƙarƙashinsa akwai wahda idariya, wato reshen mahalliya, wadda ita ce ta fi kusa da ku, da dabit idari, jami'in gudanarwa, a kanta. Daga nan ake farawa. In ka tsallake shi ka tafi sama kai tsaye, takardar zata dawo hannunsa ne don yayi ta'aliƙi, wato ya rubuta ra'ayinsa, kuma ya riga yaji haushin tsallakewar.

Sai ofisoshin da ke ciki. Ofishin sihha su ne masu katin lafiya da duba gidan abinci da sa kilorin a ruwa da feshi. Ofishin baiɗari su ne na mahauta da zaribar dabbobi. Ofishin zira'a na iri da maganin ƙwari. Ofishin kuɗi su ne masu mutahassilin, wato masu karɓar kuɗi, da ke yawo da na'ura. Diwanin zakka kuma yana da ofishinsa a mahalliya amma cin gashin kansa yake, mudir tanfizi ba shi ke riƙe da buhunan ba, sai dai maganarsa tana da nauyi. Munazzamomi kuwa izininsu daga mufawwadiyar agaji ta wilaya, wato hukumar agaji ta jiha, yake fitowa.

Kar ku kai ma mahalliya maganar farashin dala ko na alkamar da ke shigowa ta Bur Sudan, ba nata bane. Amma nauyin burodi a furun ɗin unguwarku, da tsabtar wurin, da ko ana zuba masa sinadarin bromat wanda hukumar muwasafat mai kula da ingancin kaya ta haramta, wannan kuna da bakin magana kuma tana da ikon rufe wurin. Kar kowa ya raina maganar burodi, mun ga zanga-zangar da ta ɓarke a Atbara ranar 19 ga Disamba 2018 da aka ɗaga shi daga jine 1 zuwa 3. Bayan nan ma a 2019 da 2020 matasan lajnoni ne suke tsayawa a bakin furun suna ƙirga buhunan garin tallafi don kar ya zurare kasuwa, kuma inda suka tsaya an ga bambanci.

Littafin unguwa

Kafin ku je ko'ina ku sayi littafi babba mai ƙwarin bango. Wannan shine makaminku, kuma anan zan daɗe don shi ne mutane ke tsallakewa. Jami'i in kace masa "mutanenmu suna cikin wahala" zai ce Allah ya kawo sauƙi, ya baka shayi, ka tafi. In kace masa gida kaza ne a murabba'inmu, wato sashen unguwarmu, kaza daga ciki mata ne ke riƙe dasu, kaza sun sauki baƙi daga Khartum ko Madani ko Sinja, yara 'yan ƙasa da shekara 5 guda kaza, masu ciki da masu shayarwa kaza, ga sunaye ga lambar waya, toh ka bashi abinda shima zai ɗauka ya kai sama ya nemi kaso dashi. Yawancinsu ba mugunta bace, basu da ƙidaya ne, kuma wanda ya kawo ƙidaya a rubuce shi ake fara tunawa ranar rabo.

Mata su zasu yi wannan ƙidayar, ko aƙalla a haɗa dasu. Namiji ba zai shiga cikin gida ya san cewa sau ɗaya ake ɗora tukunya a yini ba, maigidan ma ba zai faɗa masa ba saboda kunya, amma Inna ko Yaya ta maƙota ta sani ba sai ta tambaya ba. Ku raba layi-layi, kowace mace ta ɗauki gidajen da ta saba shiga. A rubuta wanda ke zaune a makaranta ko masallaci ko rumfa shima, kar ace ai baƙo ne, cikinsa a unguwarku yake.

In akwai ma'aikaciyar lafiya ko ungozoma a cikinku ku roƙi markaz sihhi, wato asibitin unguwa, su baku zaren nan mai launi uku na auna damtsen yara, na 'yan wata 6 zuwa shekara 5. In ya nuna ja, wato ƙasa da santimita 11.5, wannan yaron ba na jiran taro bane, a kai shi markaz a ranar. Rawaya daga 11.5 zuwa 12.5 shima a kai shi a rubuta shi. Yaron da ƙafafunsa biyu suka kumbura shima haka, ko da damtsen bai nuna ja ba. Adadin waɗannan yaran ku sa shi a shafin farko na littafin domin shi ke saurin motsa ofishin sihha da munazzamomi.

Sannan ku buɗe shafi na waɗanda basu da rakam watani, wato lambar ɗan ƙasa. Dan Allah kar ku yi wasa da wannan. Lokacin shirin Samarat da aka fara a Fabrairun 2021, wanda ake ba kowane mutum kwatankwacin dala 5 a wata kafin a dakatar dashi bayan juyin mulkin 25 ga Oktoba na shekarar, lambar ƙasa ake nema wajen rajista, kuma gidajen da basu da ita kallo suka yi. Duk wani shiri da zai zo nan gaba haka zai kasance, balle yanzu da komai ya koma Bankak, manhajar tura kuɗi ta waya, da asusun banki. Mun san ciwon da ke tattare da neman takardar nan ga mutanenmu, tambayoyin da ake mana ba'a yi wa wasu, amma a tafi a ƙungiyance da shehin unguwa ko umda, wato mai gari, da dattawan da zasu yi shaida ya fi kowa yaje shi kaɗai a dawo dashi.

Littafin ya zauna hannun mutum ɗaya amintacce, a ɗauki hotonsa a waya biyu ko uku, kuma kar a ba kowa ainihinsa, kofi ake bayarwa. Zamanin yaƙi ne, sunayen mutane amana ne, ku ba hukuma adadi tukuna, sunaye sai in an zo rabo na gaskiya.

Su wa zasu je

Lajnar unguwa ta hukuma sunanta ya sha canzawa, daga lijan sha'abiya zuwa lijan tagyir wal khadamat zuwa wani abu daban a wasu wilayoyin. Ko me ake kiranta a wajenku, ku gano su waye a ciki kuma ku nemi kujera, domin hatiminta ne ke kan shahadar sakan, wato shaidar zama a unguwa, da takardun da ake turawa sama. Amma ku kafa taku ƙaramar lajna ta abinci, mutum 5 zuwa 7 sun isa. A samu dattijo wanda ake jin nauyinsa, da mace daga masu sana'ar abinci, da manomi, da matashi ko matashiya mai iya rubuta larabcin ofis, da wanda zai riƙe kuɗi wanda ba shine shugaba ba.

Ga shawarata da nake so a ɗauka da gaske. Kar ku je da sunan Hausawa. Ku je da sunan unguwa, da sunan masu sana'a a kasuwa kaza, da sunan manoman juruf na wuri kaza, kuma ku sa maƙotanku na wasu ƙabilu a cikin lajnar da gaske ba don ado ba. Ruwa da kasuwa da shara na kowa ne. Rikicin ƙabilancin da ya faru a Rusairis da Ganis a Yulin 2022 da Wad al-Mahi a Oktoban shekarar har yanzu bai bar zukatanmu ba, an rasa rayuka masu yawa, an bar gonaki. Buƙatar da ta shiga ofis da rigar ƙabila tana iya fitowa da wata kama da ba ku nufa ba, wadda ta shiga da sunan mazauna murabba'i kuma ba mai iya juya ta.

In tafiya tayi nisa ku yi rajistar jam'iya ta'awuniya, wato ƙungiyar gama kai, a wajen musajjil, mai rajista na wilaya. Da takardar rajista da hatimi da asusun banki ana iya baku rumfa ko kaso na kaya ko bashi da sunan jam'iya. Shirin Sil'ati na 2020, na sayar da kayan masarufi da rahusa, ta hannun irin waɗannan jam'iyoyin ya bi da sukari da mai da adas, unguwar da bata da jam'iya sai ta raɓa da ta wasu.

Buƙata ɗaya, ba goma ba

Babban kuskure shine a rubuta takarda mai buƙata 12, ruwa da hanya da makaranta da iri da lantarki. Irin wannan takardar ba mai aiwatar da ita domin ba'a san ofishin da za'a tura ta ba. Ku zauna ku zaɓi ɗaya, wadda mudir zai iya yi da biro ɗinsa ba sai da kuɗi ba, domin asusun mahalliyoyi yanzu kusan babu komai, albashin ma da ƙyar. Amma fili tana dashi, izini tana dashi, yafe rusum, wato kuɗin da ake biyanta, tana iyawa, tura jami'i tana iyawa.

A ganina wadda ta fi dacewa a fara da ita a yawancin wurare ita ce ta iyayenmu mata masu shayi da kisra da ƙosai da ɗa'amiya da gyaɗa da godogodo, da 'yan uwanmu masu agashe. Su ke ciyar da rabin gari, lebura da ɗan makaranta da direba duk wajensu suke karyawa, kuma su ne kasha, wato samamen hukuma, ke fara faɗawa, a kwashe kujeru da murhu da butoci a mota sai an biya tara. Maganin kasha ba kuka bane, takarda ce. Ku nemi a ware musu wuri sananne a rubuce, da iyakarsa, da kuɗin da za'a biya a wata tsayayye. Wannan ba sabon abu bane a ƙasar nan, Awadiya Mahmud Koko ta haɗa mata masu shayi da abinci a Khartum cikin jam'iya tun 1990, tasha wahala harda ɗauri, amma jam'iyar ta tsaya har duniya ta san da ita aka karrama Awadiya a Amurka a 2016.

Amma kafin ku nemi wuri ku gyara naku ɓangaren. Kowace mai sayar da abinci ta fitar da katin lafiya, ana zuwa ofishin sihha da hoto da shaidar kai a yi gwaji a biya, kuma a dinga duba ranar ƙarewarsa. Ku tafi rukuni-rukuni, ku roƙi a sa muku rana ɗaya, har ragi ana iya nema in adadin da yawa. A rufe abinci, a samu ruwan wanke hannu da sabulu, ruwan wanke kofi a dinga canza shi. Tun da kwalara ta sake ɓarkewa a Agustan 2024 ta yi ɓarna a Kasala da Gadarif da sauran wurare, abu na farko da hukuma ke yi shine hana sayar da abinci a titi gaba ɗaya, mai tsabta da mara tsabta. In kuna da jam'iya da kati da wuri tsararre kuna da bakin cewa a zo a duba mu a bar mu, mu zamu sa kilorin mu kula da junanmu. Masu agashe kuma naman ya fito daga salakhana, wato mahautar hukuma, da hatimin likitan dabbobi a jikinsa, yankan ɓoye a gida duk arharsa rana ɗaya zai rufe maka teburi ya shafa wa sauran baƙin jini.

Sannan maganar kuɗi. Duk abinda zaku biya hukuma ku karɓi isal, wato rasit ɗin hukuma mai suna ornik 15, wanda ya koma na na'ura tun 2015. Wanda ya karɓi kuɗi ba isal, ba mahalliya ya karɓar wa ba. Ku faɗa da ladabi, "ya ustaz a bani isal", in yace babu kuce toh zamu zo ofis mu biya. Ku tara isal ɗin a jaka ɗaya na wata uku ko huɗu ku haɗa jimla. Ranar da kuka shiga wajen mudir kuka ajiye masa kuka ce ga abinda matan kasuwar nan suka zuba a asusunku, muna neman bandaki da famfo da motar shara sau biyu a mako, magana ta canza, domin yanzu masu biya ne ke neman haƙƙi.

Yadda ake rubuta takardar da bin ta

Shafi ɗaya. Da larabci, zuwa ga assayyid almudir attanfizi, ta hannun wahda idariya. Layin farko ku faɗi su waye ku da adadinku, na biyu matsalar da lambobi daga littafi, na uku abinda kuke so a yi takamaimai da wurin da lokacin, na huɗu abinda ku zaku kawo. Wannan na huɗun shi ke buɗe ƙofa. Kuce mu zamu yi gayya mu haƙa magudana, ku bamu loda yini ɗaya. Mu zamu kafa rumfunan, ku bamu fili da injiniya ya auna. Mu zamu samo matasa masu sa kilorin a gangunan karo, ku bamu ƙwayar da horo. Sa hannun 'yan lajna, hatimin lajnar unguwa, in da hali da na shehi ko umda.

Ku yi kofi uku. Ɗaya ku miƙa, ɗaya a buga muku hatimin karɓa da kwanan wata ku dawo da ita, ɗaya ku ajiye. Takardar da ba'a buga mata hatimin karɓa ba kamar shuka ce a gonar da ba taka ba. Ku je da safe kafin lokacin faɗur, wato karin kumallon hantsi, mutum biyu ko uku ba zuga ba, dattijo ya buɗe da gaisuwa, mai lambobi yayi bayani cikin minti biyar, mace ta faɗi nata da bakinta kar a faɗa mata. Kafin ku tashi ku tambayi abu biyu, wane ofishi za'a tura takardar, kuma yaushe zamu dawo. Ku girmama sakatare da mai ƙofa, su suka san inda fayil yake kwana.

Sai bibiya. Mutum ɗaya a ɗora masa, duk mako ya leƙa, ba faɗa ba zagi, gaisuwa da tambaya kawai. In an yi muku alkawari da baki ku roƙi a rubuta a jikin kofinku ko da layi ɗaya ne da sa hannu, domin ana yawan canza jami'ai, sabon da zai zo bai san da wata magana ba sai abinda ya gani a takarda. In wata biyu ya wuce shiru sai ku ɗaga zuwa wilaya da kofin nan mai hatimi, kuma ku sanar da mudir cewa zaku je, kar yaji daga sama. In kuma an yi muku aikin ku koma ku yi godiya a gaban mutane, wannan yana sa ƙofa ta biyu tayi sauƙi.

Takiya

Takiyoyi, wato wuraren dafa abincin sadaka, da gurfat ɗawari, wato kwamitocin agajin gaggawa na 'yan sa kai, su suka riƙe rayukan mutane a yaƙin nan, kowa shaida ne, tukunyar adas da balila da wake da aka dinga dafawa da kuɗin 'yan uwa na waje ta Bankak. Da yawa sun rufe a farkon 2025 lokacin da Amurka ta dakatar da tallafinta, wanda ya nuna mana cewa takiyar da ta dogara da hannu ɗaya bata da tabbas. In kuna da takiya ko zaku buɗe, abinda zaku nema a mahalliya ba abinci bane da farko. Ku nemi wuri a rubuce, tankar ruwa, kason gas ko izinin itace, jami'in lafiya ya dinga zuwa, da takardar da zata sa a bar motar kayan takiya ta wuce shingaye ba jibaya, wato ba a karɓi kuɗi ba. Da waɗannan a hannu sai ku je diwanin zakka da 'yan kasuwar hatsi da munazzamomi, duk wanda yaga wasiƙar mahalliya yafi sakin jiki.

Ku iya lissafi kafin ku buɗe baki. In aka ɗauki giram 400 na hatsi ga mutum a yini, kilo 12 kenan a wata, buhun dawa mai wajen kilo 90 zai riƙe mutum 7 wata guda, banda adas da mai da gishiri. Ruwa kuma ma'aunin da masu agaji ke aiki dashi lita 15 ne ga mutum a yini a ƙalla. Da wannan zaku ce muna neman buhu kaza da ganga kaza, ba "abinda ya sauƙaƙa" ba. Kuma ku riƙe ikon tukunyar a hannunku, hukuma ta taimaka ta duba, amma wanda zai ci ku kuka san shi, kar a mayar da takiya wajen ɗaukar hoto ko wajen tambayar mutum ɗan ina ne kafin a zuba masa. A manna lissafin shiga da fita a bango duk mako, domin zargi shi ke kashe takiya tun kafin kuɗi su ƙare.

Hatsi da gona

Manomanmu na bildat, wato ƙananan gonakin damina, a Gadarif da Sinnar da masu aiki a hawasha, wato gonakin ban ruwa, a Jazira matsalarsu ɗaya ce kowace shekara, ana sayar da dawa da arha a kaka saboda bashin shel, wanda ake biya da amfanin gona, da aka ci tun damina, sannan a dawo a saye ta da tsada daga Yuni zuwa Satumba. Mahalliya ba zata kashe shel ba amma tana iya baku ɗakin ajiya, akwai tsofaffin makhzan na hukuma da na makarantu da ke zaune a rufe, ko fili mai tudu da zaku haƙa maɗmura, wato ramin ajiye hatsi, irin ta da. Kowane gida ya zuba gwargwadon ƙarfinsa a kaka, a rubuta, a sa makulli biyu a hannun mutum biyu, a fitar da bazara ta tsananta a kan farashin da jam'iya ta yanke. Ku nemi ofishin zira'a su duba muku maganin ƙwari, kar kowa ya zuba ƙwayar hayaƙi a ɗakin da mutane ke kwana, tana kisa.

Zakkar noma kuma ana karɓarta a hannunmu, nisabi kilo 653, ɗaya bisa goma na ruwan sama, rabin haka na ban ruwa da wahala. Toh tunda daga gonakinmu take fita, ku tambayi lajnar zakka ta unguwa su waye a jerinta, ku kai musu sunayen marayu da zawarawa da gajiyayyu daga littafinku, ku nemi mutum naku a cikinta. Wannan haƙƙi ne na shari'a ba roƙo ba. Masu juruf a bakin kogi kuma ku nemi a rubuta muku ko da shaidar hiyaza ce, wato ta riƙon fili, ta wanda ke noma wurin da shekarun da ya yi, da shaidar shehi da maƙota, cikin lalama ba tare da tada jijiyar wuya ba, domin gari yana faɗaɗa kuma filin da ba takarda shi ake fara yankawa.

Akwai kuma kasuwar bai'i mukhaffad, wato kasuwar ragi, da mahalliyoyi ke buɗewa musamman gab da azumi. Yawanci a tsakiyar gari ake kafa ta, mu na gefe kuɗin mota ya cinye ragin. Ku nemi a kawo reshe unguwarku, kuma manomanku su sayar kai tsaye ba dillali. Wani birni a Brazil mai suna Belo Horizonte ya yi irin wannan tun 1993, hukumar birnin ta ba 'yan kasuwa wuri a filinta da sharaɗin su sayar da wasu kayan abinci a farashin da aka tsayar, ta buɗe gidajen abinci masu arha, ta haɗa manoma da masu saye. Abinda ya fi ɗaukar hankalina a ciki shine fili da izini suka yi aikin, abin da kowace mahalliya ke dashi. Ku kai wannan shawarar a rubuce, a yafe wa mai sayarwa kuɗin rumfa, shi kuma ya sauke farashin albasa da tumatir da kuɓewa da gari, lajna ta dinga dubawa.

Lokaci yana da muhimmanci a duk wannan. Shekarar kuɗi ta hukuma daga Janairu take farawa, don haka duk abinda ke buƙatar kuɗi kamar gyaran mahauta ko bandakin kasuwa ko famfo ku shigar dashi tun Satumba ko Oktoba lokacin da ake haɗa mizaniya, wato kasafin kuɗi. Maganar iri da magudanai da tarakta ku kai ta a Afrilu ko farkon Mayu kafin ruwa ya sauka, ta ɗakin ajiya tun Satumba kafin a fara yankan dawa, ta kasuwar ragi kuma wata biyu kafin Ramadan, domin in Sha'aban ya kama an riga an raba wuraren.